Asalin Addinin Hindu da Yadda Ibadarsa Ta Sake

Sunan Hindu ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa malamai sun san shi a littattafan Larabci, masu ba da labari kuma in suna so su faɗi wuri mai nisan gaske sai su ce ƙasar Hindu. Amma asalinsa sunan kogi ne. Akwai wani babban kogi wanda ya taso daga duwatsun Tibet, ya ratsa ƙasar da a ke kira Pakistan yanzu, ya faɗa teku kusa da Karachi. Mutanen wurin suna kiransa Sindu. Farisawan dā suka mai da shi Hindu, har sarkinsu Dariyus ya sa aka sassaƙa sunan a dutse cikin jerin ƙasashen da ya ke mulki, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga Farisawa Yunanawa suka karɓa suka ce Indiya, Larabawa suka ce Hind.

Da fari dai Hindu sunan ƙasa ne da mutanenta. A zamanin sarakunan Musulmi ya koma sunan mutumin ƙasar wanda ba Musulmi ba. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka fara tattara ibadun mutanen nan duka ƙarƙashin suna ɗaya a Turance. Su kuwa masu addinin da yawansu su kan kira shi Sanatana Darma, watau hanya madawwamiya. Yau mabiyansa sun fi miliyan dubu ɗaya. A ƙidayar da aka yi a Indiya cikin 2011 an sami miliyan 966, kusan mutum 80 ke nan cikin ɗari. Su ne kuma mafi yawa a Nepal da tsibirin Bali.

To, ga inda wuyar ta ke. Addinin nan ba shi da mutum guda da za a ce shi ya kawo shi, ba shi da shekarar da za a ce a cikinta aka fara shi, ba shi kuma da shugaba ɗaya da kowa ke bi. Mai neman asalinsa sai ya bi sawu a wuri biyu: cikin ƙasa, inda masu haƙa ke tono kayan tarihi, da cikin tsofaffin waƙoƙin da aka haddace.

Biranen da ƙasa ta rufe

A cikin 1921 aka fara haƙa a wani kufai mai suna Harappa a lardin Panjab, a 1922 kuma aka gano wani a Mohenjo-daro cikin lardin Sindi. Abin da aka tarar ya ba masana mamaki. Birane ne manya na jan bulo, tituna miƙaƙƙu, gidaje da rijiyoyi da makwararai rufaffu. Sun yi tashe tsakanin 2600 da 1900 kafin Miladiyya, watau zamani ɗaya da fir'aunonin da suka gina dalar Masar. A Mohenjo-daro an sami wani kwarmin wanka, tsawonsa ƙafa 39, faɗinsa ƙafa 23, zurfinsa ƙafa 8, an shafe shi da kwalta don kada ruwa ya tsiyaye. An sami 'yan mutum-mutumin mata na yumɓu, da hatimai na dutse masu zanen bijimai da itatuwa. Ɗaya daga hatiman nan yana da siffar wani mai ƙahoni, yana zaune ya naɗe ƙafafu, namun daji sun kewaye shi.

Sir John Marshall, wanda ke shugabancin aikin haƙar a lokacin, ya ce siffar nan ta Shiba ce, ɗaya daga manyan allolin Hindu. Waɗansu kuma suka dubi kwarmin nan suka tuna da wankan tsarki da 'yan Hindu ke yi a koguna har yau. Sai dai kama da wane ba ta wane. Mutanen biranen nan suna da rubutu nasu, amma ba wanda ya karanta shi tukuna, saboda haka ba su gaya wa kowa sunan abin da su ke bauta wa da bakinsu ba. Wajen 1900 kafin Miladiyya ruwan sama ya ragu, waɗansu koguna suka ƙafe, biranen suka watse, jama'a suka bazu cikin ƙauyuka suka yi gabas da kudu.

Littattafan Beda da hadayar wuta

Sawu na biyu ya fi fitowa fili. Akwai tarin waƙoƙi huɗu da a ke kira Beda. Turawa suna rubuta sunan da harafin v, wanda babu shi a Hausa, haka kuma Bishnu da Shiba. Mafi tsufa cikinsu shi ne Rigbeda, mai waƙa 1,028 cikin kashi goma, an tsara shi tsakanin wajen 1500 da 1000 kafin Miladiyya da wani tsohon harshe, Sanskirit. Waɗanda suka tsara shi suna kiran kansu Ariya. Makiyaya ne, shanu ne dukiyarsu, suna da dawaki da kekunan yaƙi, suna zaune a Panjab.

Daga ina suka fito? A cikin 1786 wani alƙali Bature a Kalkata, Sir William Jones, ya nuna Sanskirit da Latin da Yunananci uwarsu ɗaya. Daga baya aka tono wata yarjejeniya a ƙasar Turkiyya, wadda sarkin Hittiyawa da sarkin Mitanni suka ƙulla wajen 1380 kafin Miladiyya, sai ga sunayen Mitra da Baruna da Indra a ciki, allolin Rigbeda sak. Binciken ƙwayar halitta a ƙasusuwan mutanen dā, wanda aka buga a 2019, ya nuna makiyaya daga filayen Asiya ta Tsakiya sun shigo arewacin Indiya tsakanin 2000 da 1500 kafin Miladiyya, suka cuɗanya da waɗanda suka tarar. Yawancin masana a kan wannan su ke. Amma akwai waɗansu a Indiya da ba su yarda ba, sun ce Ariya 'yan ƙasa ne tun fil azal. Gardamar tana da zafi, don ta shafi siyasa: ta taɓa maganar wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne yadda ibadar mutanen Beda ta ke. Ba su da ɗakin ibada, ba su da gunki. Sai a share fili, a shimfiɗa ciyawa, a hura wuta, malamai su zauna suna rera waƙoƙi suna zuba man shanu da madara da hatsi a wutar, da ruwan wani tsiro mai suna soma. A kan yanka awaki da tumaki da shanu. Sarki mai ƙarfi kuwa ya kan saki doki ya yi yawo shekara guda, dakaru na biye da shi, duk ƙasar da ya ratsa ba a tare shi ba ta zama ta sarki, sa'an nan a komo da dokin a yi hadaya da shi. Abin da a ke roƙo na duniya ne: shanu, 'ya'ya maza, ruwan sama, nasara a kan abokan gaba, da tsawon rai. Indra, mai tsawa da yaƙi, shi ke da waƙa wajen 250. Agni, watau wuta, mai kai hadaya sama, yana da wajen 200. Bishnu kuwa waƙoƙinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, haka Rudra, wanda daga baya ya zama Shiba.

Ba a rubuta waƙoƙin nan ba sai bayan ƙarnuka masu yawa. Da ka aka riƙe su, ɗa ya karɓa daga uba, almajiri daga malami. Don kada harafi ya ɓata, sai a haddace baiti a jere, a sake haddace shi kalma kalma, a kuma sake shi ana gaba ana baya. Masu wannan aiki su ne Birahmin. A kashi na goma na Rigbeda akwai waƙar da ta raba mutane gida huɗu, ta ce daga jikin wani mutum na farko aka yi su: Birahmin daga bakinsa, sarakuna da mayaƙa daga hannuwansa, manoma da 'yan kasuwa daga cinyoyinsa, barori daga ƙafafunsa. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga yanka zuwa tunani

Wajen 800 zuwa 500 kafin Miladiyya jama'a suka gangara kwarin kogin Ganga. Aka sami ƙarfe, aka sare kurmi, aka noma shinkafa, birane da kasuwanni suka kafu. Hadaya kuwa ta yi tsawo ta yi tsada, har sai sarki ko attajiri ke iya ɗaukar nauyin manyanta. Ruwa ba ya tsami banza. A nan ne waɗansu suka fara tambaya, in mutum ya mutu ya ci ladan hadayarsa ya ƙare, sai kuma me?

Amsar tana cikin littattafan da a ke kira Upanishad. Su suka fara bayyana abubuwa uku waɗanda suka zama ginshiƙin addinin har yau. Na ɗaya, rai ba ya mutuwa, sai dai ya sake jiki, a haife shi a sake haihuwarsa: wannan shi ne samsara. Na biyu, aikin da mutum ya yi, mai kyau ko mugu, shi ke zaɓa masa irin haihuwar da zai samu nan gaba: wannan shi ne karma. Na uku, babban buri shi ne a kuɓuta daga wannan kewaye ɗungum: shi ne moksha. Hanyar kuɓuta kuwa, in ji su, ita ce mutum ya gane ran da ke cikinsa ɗaya ne da Birahman, asalin kome da kome. Kada a rikita Birahman da Birahmin: na farko shi ne wannan asali, na biyu malami ne. Mutane suka riƙa barin gida suna shiga daji, suna azumi, suna horon numfashi da zuciya. Daga nan yoga ta samo tushe.

Cikin masu barin gida ɗin nan aka sami mutum biyu da suka ƙi Beda da hadayarta gaba ɗaya, watau Buda da Mahabira, shugaban 'yan Jain. Dukansu sun yi wa'azin ahimsa, watau kada a cuci mai rai. Maganarsu ta shiga kunnen sarakuna. Sarki Ashoka, wanda ya hau gadon mulki wajen 268 kafin Miladiyya, ya bi Buda, ya sa aka rubuta a duwatsu cewa ya hana yankan hadaya a birninsa. Malaman Birahmin ba su tsaya jayayya kaɗai ba, sannu a hankali suka karɓi abin da ya ja hankalin mutane suka shigar cikin nasu. Yanka ya ragu, ƙin cin nama ya zama alamar tsarki. Saniya, wadda ke ba da madara da man hadaya, ta kuma haifi bijimin huɗa, ta zama abar girmamawa wadda ba a taɓawa. Ka ga jikokin masu hadaya da shanu sun zama masu tsaron ransu. Amma kada a ɗauka duk ɗan Hindu ba ya cin nama. Masu ƙinsa ɗungum ba su kai rabi ba, har yanzu kuma ana yanka awaki a ɗakin ibadar Kali a Kalkata.

Ɗakunan ibada da siffofi

Tsakanin 400 kafin Miladiyya da 400 bayanta aka tsara manyan waƙoƙin labari guda biyu. Ramayana tana da baiti wajen 24,000, tana ba da labarin Rama da matarsa Sita. Mahabarata tana da wajen 100,000, labarin yaƙin 'yan'uwa ne a kan sarauta. A cikinta a ke samun Bagabad Gita, mai baiti 700, inda Kirishna ke koya wa jarumi Arjuna cewa mutum na iya kuɓuta ba tare da ya bar gida ba, in ya yi aikin da ya wajaba a kansa ba da kwaɗayin sakamako ba, ya kuma miƙa zuciyarsa ga abin bautarsa. Wannan ya buɗe ƙofa ga manomi da mace da bara, waɗanda ba su da halin hadaya, ba su kuma da damar shiga daji.

Daga nan Indra ya ja baya, Bishnu da Shiba da allahiya Debi suka shige gaba. Aka ce Bishnu ya kan sauko duniya cikin jiki in ɓarna ta yi yawa, Rama da Kirishna duk shi ne, har Buda ma aka sa cikin saukowarsa goma. Ta haka allolin ƙauyuka da na kabilu da yawa suka sami wuri, a ce wannan Shiba ne da wani suna, waccan matarsa ce. Har baƙi sun shiga: wajen 113 kafin Miladiyya wani jakada Bayunane, Heliyodoras, ya kafa ginshiƙin dutse a Besnagar don girmama Basudeba, watau Kirishna, yana nan tsaye har yau.

A zamanin sarakunan Gupta, daga wajen 320 zuwa 550, aka fara gina ɗakunan ibada na dutse waɗanda suka wanzu, irin na Deogar. Ibadar da a ke yi a ciki ita ce puja. Ana karɓar abin bauta kamar babban baƙo: a tashe shi da asuba, a yi wa siffarsa wanka, a sa mata tufafi, a kawo furanni da turare da abinci, a kewaya ta da fitila. Mai ziyara ya zo ya gani, a gan shi, ya koma da ɗan abin da aka sa wa albarka. Masu ilmi cikinsu su kan ce siffar mazauni ce, Ɗaya ne ke bayan sunayen duka. Al-Biruni, malamin Musulmi wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafi a kan Hind wajen 1030, shi ma ya shaida haka ya ji daga masanansu.

Masu bege, da zuwan Musulmi

Daga ƙarni na 6 zuwa na 9 waɗansu mawaƙa suka taso a ƙasar Tamil, can kudu, 12 masu begen Bishnu, 63 bayin Shiba. Da harshen gida aka yi waƙoƙin, cikinsu har da mata da mutanen da a ke rainawa. Wannan bege, wanda su ke kira bakti, ya bi ƙasa ya yi arewa. Addinin ya kuma ƙetare teku tare da fatake, har sarkin Kambodiya ya gina wa Bishnu Angkor Wat a ƙarni na 12.

Musulmi sun ci Sindi a 712, suka kafa sarauta a Delhi a 1206, Mugal kuma suka zo a 1526. Zaman ya yi daɗi wani lokaci, wani lokaci ya yi ɗaci. Mahmud na Gazna ya rushe ɗakin ibadar Somnat a 1026. Sarki Akbar ya soke jiziya a 1564, ya sa aka juya Mahabarata da Farisanci. Aurangzeb ya komo da jiziyar a 1679. A cikin wannan zamani ne Kabir, wani masaƙi na Banaras, ya yi waƙoƙi yana zargin malaman ɓangarorin biyu, Tulsidas kuma a 1574 ya fara sake tsara labarin Rama da harshen talakawa. Littafinsa ya fi Beda shiga gidajen arewacin Indiya nesa ba kusa ba.

Zamanin Ingilishi da bayansa

Da Ingilishi suka kafa mulki, masu mishan suka yi ta sukar al'adun ƙasar, 'yan Hindu masu ilmin zamani kuma suka shiga gyara da kansu. Ram Mohan Roy ya yi yaƙi da sati, watau ƙona mace tare da gawar mijinta, har aka hana a 1829. A 1856 aka ba matar da mijinta ya mutu damar sake aure. Dayananda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, yana kira a bar siffofi a koma ga Beda. Bibekananda ya je Chicago a 1893 ya bayyana addinin ga mutanen Amurka. 'Yan ƙodago da Ingilishi suka kwasa zuwa gonakin rake sun kai shi Morishas da Giyana da Tirinidad da Natal da Fiji. A Akara ma an kafa gidan ibadar Hindu a 1975, wanda Baganiye ya shugabanta.

Yanzu mu koma ga rabon nan na gida huɗu. Da tafiya ta yi tafiya ya haɗu da dubban dangogi na sana'a, waɗanda a ke kira jati, kowa a cikin nasa a ke haihuwarsa, a ciki ya ke aure. A ƙarƙashin duka kuma akwai waɗanda aka ce taɓa su ma ƙazanta ne, masu jima da shara da kwasar mushe. An hana su rijiya, an hana su ɗakin ibada, aka kuma kafa hujja da karma, wai aikinsu na wata rayuwa ne ya jawo musu. Gandi ya ce wannan tabo ne a jikin addinin, a wanke shi. Dokta Ambedkar, wanda shi kansa daga cikinsu ya fito, ya ce abin ya kai ga saiwa. Sarkin Tarabankor ya buɗe musu ɗakunan ibadar ƙasarsa a 1936, tsarin mulkin 1950, wanda Ambedkar ya jagoranci rubutawa, ya haramta ƙyamar. Duk da haka a 1956 ya tara dubban ɗaruruwan mutanensa a Nagpur suka koma addinin Buda. Dalit, kamar yadda su ke kiran kansu, sun kai miliyan 200 a ƙidayar 2011, doka ta ba su hakki, amma a ƙauyuka da yawa wariyar ba ta mutu ba.

Wata sakewar kuma ta siyasa ce. A 1923 Sabarkar ya buga littafinsa a kan Hindutba, inda ya mai da zama ɗan Hindu maganar ƙasa da jini. An raba ƙasar a 1947 da zubar da jini mai yawa, a Janairun 1948 kuma wani ɗan Hindu mai wannan ra'ayi ya harbe Gandi. A 1992 taron jama'a ya rushe masallacin Babri a Ayodiya, suna cewa a nan aka haifi Rama, mutum wajen 2,000 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. Kotun ƙoli ta ba da filin a 2019, aka buɗe ɗakin ibadar Rama a wurin a Janairun 2024. Musulmin Indiya, waɗanda sun fi miliyan 170, wannan al'amari ya shafi zamansu kai tsaye, 'yan Hindu kuma kansu ya rabu a kai.

To, me ya rage daga zamanin Beda? Wuta tana nan. Ango da amarya su kan yi alkawari a gabanta su taka taki bakwai, gawa kuma a gare ta a ke miƙa ta. Akwai wani baiti na Rigbeda, Gayatri, wanda miliyoyi ke karantawa kowace safiya. A cikin 1975 waɗansu Birahmin na ƙauyen Panjal a Kerala suka tayar da wata tsohuwar hadaya ta kwana 12, suka gina bagadi na bulo mai siffar tsuntsu, suka rera waƙoƙin da ka kamar yadda kakanninsu suka bar musu. Bisa ka'ida sai an kashe awaki. Mutanen ƙasar suka tashi suka ce ba su yarda ba. Sai malaman suka kwaɓa garin shinkafa, suka naɗe shi a ganyen ayaba, suka karanta masa abin da a ke karanta wa akuya, suka sa a wuta.